Masu Kwana a Kan Jinga

Daga tsakiyar Agusta, barci yakan yi ƙaura daga wani ƙauye na ƙasar Auyo da ke gaɓar kogin Haɗeja. Da an idar da isha'i, samari za su ɗauki tocila da shebur su hau jinga. A bakin ruwa an kafa wani kara mai tsaga-tsaga. In aka wayi gari ruwa ya haɗiye tsaga guda, sai mai unguwa ya sa a yi shela kowa ya fito da buhu. Maza na ɗura yashi, yara na riƙe bakin buhu, mata na aiko da kunu.

Maganar da ke bakin kowa a irin wannan lokaci ita ce, an saki Tiga. Da yawansu ba su taɓa ganin dam ɗin ba, amma sun san shi kamar maƙwabci. An kammala shi a 1974, zamanin Audu Bako, na Challawa kuma da ke ƙasar Ƙaraye ya biyo baya a 1992. Kogunan da aka yi wa dam ɗin biyu na haɗuwa kafin Wudil, su gangaro ta Ringim har ƙofar gidajen mutanen nan.

Ba don tare ambaliya aka gina su ba. An yi su ne don noman rani a su Kadawa da Kura, da kuma ruwan shan birnin Kano. Mai tumatir a Kadawa so yake damina ta fita dam na cike maƙil. Mai shinkafa a Auyo kuwa so yake a bar wa ruwan Satumba wurin zama. Randa ɗaya ba ta biya wa su biyun buƙata. Idan ta cika, duk abin da sama ta ƙaro tumbatsa zai yi ya wuce, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Balle ruwan da ya sauka a ƙasan dam, wannan ba shi da mai tsaro.

Dattawan ƙauyen sun san kogin da wata ɗabi'a dabam. Da, yakan malale fadama da damina, ya janye ya bar danshi da kifi, da rani kuma ya ƙafe har a ratsa shi da ƙafa. Yanzu ruwa ba ya yankewa duk shekara, shi ne ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogin ya rasa hanyarsa ya koma bin gonaki. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su sauka kan abin da ruwa ya rage. Akan yi gayya a sare ta, kafin wata damina ta dawo.

Birnin Haɗeja na da tasa jingar, kuma a 2020 mutanen gari sun kwana suna jera buhuna don kada ta ɓalle. Sai dai ruwan da aka hana shiga birni ba sama yake komawa ba. Gangare yake nema, kuma a gangaren ne ake samun gidajen ƙasa da rumbuna. Shi kansa dam ɗin, in aka yi sake da gyaransa, yakan juye ya zama bala'in: na Bagauda ya fashe a 1988, na Alau ya cinye unguwannin Maiduguri a Satumban 2024.

Zuwa Nuwamba ruwa ya ja baya. Manomin da ya yi asarar shinkafar damina ya ranto kuɗin iri da man inji, ya koma fadama yana ban ruwa da ruwan Tiga ɗin nan da ya kwana yana tsine wa. Karan nan mai tsaga-tsaga kuwa ba a jefar da shi. Akan cire shi a soke a rufin zaure, sai baɗi.