Watanda da karo-karon Sallah: Wa ke ɗaukar nauyi a tsakanin ma'aikatan Gaya da Ajingi?

Da zarar azumi ya raba tsakiya, akan ga wani ɗan littafi ya fara yawo daga teburi zuwa teburi a makarantu da asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano. A cikinsa ake rubuta sunayen waɗanda suka shiga watandar Sallah, da abin da kowa ya biya, da abin da ake bin sa.

A waɗannan yankuna na manoma, yawancin masu ɗaukar albashi malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma. Kusan dukkansu suna noma, kuma kowannensu akwai dangi da dama da ke kallon hannunsa. Shi ya sa duk kuɗin da za a tara a wurin aiki, komai ƙanƙantarsa, yakan taɓa tukunyar wani gida.

Watanda: abin da ka zuba shi za ka ɗauka

Watanda tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mutane ne ke haɗa kuɗi su sayi sa ko saniya, a yanka, a kasa naman, kowa ya ɗauki daidai kuɗinsa. An fi yin ta a jajibirin ƙaramar Sallah, ko da yake waɗanda ba su samu ikon yin layya ba kan yi ta da babbar Sallah don kada yaransu su yi ta leƙen gidan maƙwabta.

Mutanen Gaya da Ajingi suna da sa'ar maƙwabtaka da Wudil, inda babbar kasuwar shanu ke ci duk ranar Juma'a. Akan wakilta mutum biyu ko uku da suka san dabba su je kara su yi ciniki. Bayan kuɗin sa, akwai la'adar dillali, da kuɗin motar da za ta kawo shi, da ladan mahaucin da zai yi fiɗa ya kasa.

Lissafin ba shi da wahala. A misali, idan sa da dukkan ɗawainiyarsa suka tashi naira 700,000, aka raba shi kashi 35, kowane kashi ya kama naira 20,000 ke nan. Mai hali ya ɗauki kashi uku, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki ɗaya, wasu biyu su haɗu a kan kashi guda su raba.

Inda akan samu ƙananan maganganu shi ne wajen tozo da hanta da kai da ƙafa da ƙirgi. Waɗanda suka daɗe a harkar sun san maganin wannan: ko dai a yanka tozo da hanta ƙanana a sa a kowane kashi, ko a yi gwanjon kai da ƙafa da ƙirgi a tsakanin masu watandar, kuɗin ya tafi wajen biyan mahauci. Bayan an gama kasawa sai a jefa ƙuri'a, don kada a ce an zaɓa wa oga mai tsoka an bar wa masinja mai ƙashi.

Akwai kuma abin da malamai kan tunatar a kai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a Arewacin Najeriya, ba a yin tarayya a kuɗin dabbar layya, yayin da sauran mazhabobi uku suka yarda mutum bakwai su haɗu a kan saniya ɗaya. Don haka da yawa suna ɗaukar watanda a matsayin hanyar samun naman miya kawai, ba madadin layya ba.

Gudummawar da ba ta duba albashi

Matsalar ta fi fitowa a ɗaya nau'in tara kuɗin, wato karo-karon da ba nama za a raba ba. A nan ne ake samun kuɗin goron Sallah, da kayan buɗa-baki, da shaddar da za a kai wa shugaba, ga kuma gudummawar biki da suna da ta'aziyya da ke zuwa a kowane lokaci na shekara.

Hanya mafi sauƙi ga mai tarawa ita ce ya yanka wa kowa abu ɗaya. Sai dai albashin ba ɗaya ba ne. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sannan a watan Oktoban shekarar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000 ga ma'aikatan Kano. Idan aka yanka wa kowa naira 5,000, mai ɗaukar naira 71,000 ya ba da kashi 7 cikin 100 na albashinsa, alhali wanda ke ɗaukar naira 250,000 kashi 2 kacal ya bayar.

Ban da wannan, akwai waɗanda ba sa cikin jadawalin albashin ma kwata-kwata: malaman sa-kai da ƙungiyar iyaye da malamai ke ba ɗan ihisani, da ma'aikatan wucin-gadi a ƙananan asibitoci, da masu gadi da masu shara. Masu yi wa ƙasa hidima ma sai a watan Maris na 2025 aka fara biyan su naira 77,000 maimakon naira 33,000.

Ƙarin albashin kuwa ya tarar da tsadar rayuwa ta riga ta yi nisa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi sama, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Malamin da ke hawa babur daga Gaya zuwa wata makarantar ƙauye kullum, kuɗin mai kaɗai ya isa ya cinye abin da aka ƙara masa.

Lokacin Sallar ma yana da tasiri. A 2025 babbar Sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri da na huɗa. Ma'aikacin da ya ba da naira 5,000 a wannan mako, daga kuɗin gonarsa ya cire.

Kunya ce ke karɓar kuɗin

A baki, kowa zai ce ba dole ba ne. A aikace kuwa, samun wanda zai fito ya ce ba shi da shi abu ne mai wuya. A da, mai littafi ne kaɗai ya san wanda bai biya ba. Yanzu a zauren WhatsApp na ma'aikata ake jero sunaye, ana sa alama a gaban wanda ya tura kuɗi, sunan wanda bai tura ba yana nan tsirara kowa na gani.

Idan kuma kyautar ta shugaba ce, tsoro yakan haɗu da kunya. Ƙaramin ma'aikaci ya san wanda ke cike masa takardar ƙarin girma, ya kuma san wanda ke da bakin magana a kan canjin wurin aiki. Ko da shugaban bai nemi komai ba, bai ma san ana tarawa ba, na ƙasa ba zai so a ce sunansa ne babu a takarda ba. Wasu har bashi suke ci, ko su karya adashensu, don su fita kunya.

Malaman addini sun sha jan hankali cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga ɗan'uwansa sai da daɗin ransa, kuma abin da aka karɓa don an kunyata mai shi ba kyauta ba ce.

Dokar ƙasa ma ta taɓo batun. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati nema ko karɓar wani amfani saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a ofishinsa, ta bar masa kyautar 'yan'uwa da abokai gwargwadon yadda al'ada ta sani. A Amurka an fi haka tsaurarawa: ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya bai wa na sama da shi kyauta, sai abin da bai wuce dala 10 ba a lokutan bukukuwa, ko a wani babban lamari kamar aure ko ritaya, kuma duk karo-karon da za a yi dole ya zama na ganin dama.

Yadda za a raba nauyin

A wuraren aikin da abin ke tafiya lami lafiya, akan tarar sun bambanta abu biyu tun farko. Watanda ciniki ce, kowa da kashinsa, wanda bai shiga ba babu mai tambayarsa dalili. Gudummawa kuwa taimako ce, don haka ake yanka ta bisa matakin albashi: masu mataki na 12 zuwa sama su ba da kaso mafi tsoka, na tsakiya su biyo baya, 'yan ƙasa da mataki na 7 su ba da abin da ya sawwaƙa, masu aikin sa-kai kuma a ɗauke musu.

Wata dabarar ita ce a fara tarawa da wuri. Naira 2,000 duk wata na tsawon wata goma ta biya kashi ɗaya na watanda ba tare da an ji jiki ba, kuma ta rage rububin neman kuɗi a makon ƙarshe. Sai dai wannan na buƙatar amana: mutum biyu su riƙe lissafi, a ajiye kuɗin inda kowa ya sani, a kuma karanta abin da aka kashe a gaban jama'a bayan Sallah. Jimillar abin da aka tara ake sanarwa, ba sunan wanda ya gaza ba.

Mata ma'aikata ma suna da nasu ƙorafin da ya kamata a saurara. Sau da yawa suna biyan na ofis tare da kowa, sannan ga nasu na daban, na anko da gudummawar biki da kayan barka, alhali ba kasafai ake sa su cikin masu yanke shawarar nawa za a tara ba.

Abu na ƙarshe shi ne inda kyautar ta dosa. A al'adar Bahaushe, babba ne ke ba ƙarami goron Sallah. Shugaban da ya ce a cire sunansa daga masu karɓa, a saya wa mai gadi da mai shara kashi ɗaya ɗaya na watanda da kuɗin, bai yi asarar komai ba, kuma ya sauke wa na ƙasa da shi nauyin da ba za su iya faɗa da bakinsu ba.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma masu ɗaukar jinka sun san ba a sa yaro a gefen da ya fi nauyi.