Gidajen Hayar 'Yan Kwanaki: Wa Ke Da Alhakin Shara Ranar Tashi?

Daga cikin harkokin kasuwancin da suka bunƙasa a duniya cikin shekarun nan har da bayar da hayar gidaje na 'yan kwanaki ga matafiya da masu zuwa hutu. Irin wannan gida ya sha bamban da otal, domin kuwa ana miƙa wa baƙo makulli ne tare da ɗakin girki da tukwane da firiji da gadaje, shi zai dafa wa kansa abinci, shi kuma zai kula da gidan har ranar da zai tashi. To, a wannan rana ta tashi ne aka fi samun saɓani tsakanin masu gidaje da baƙinsu, kuma tushen saɓanin bai wuce tambaya guda ba, wato wane aiki ne ya rataya a wuyan baƙo kafin ya mayar da makulli, wane ne kuma kuɗinsa ya riga ya biya.

Tambayar ta yi kama da ƙaramar magana ta shara da wanke-wanke, amma fa akwai dukiya a bayanta. A kanta ne baƙo kan rasa kuɗin ajiyar da ya bayar, a kanta ne mai gida kan rasa sunansa a kasuwa, har ta kai ga hukumomi da majalisun dokoki a Amurka sun tsoma baki cikin lamarin.

Sa'o'i shida na sauyin baƙi

Domin a gane dalilin da ya sa masu gidaje ke matsa wa baƙi da sharuɗɗa, sai a dubi yadda ranar sauyi take a ƙasar Birtaniya, inda wannan sana'a ta daɗe da kafuwa. A yankunan hutu irin su Kwanwal da Wales da tsaunukan Sikotilan, akasari ana bayar da gida ne na mako guda, daga Juma'a zuwa Juma'a ko daga Asabar zuwa Asabar. Baƙo kan fita da ƙarfe 10 na safe, wani sabo ya shigo da ƙarfe 3 ko 4 na yamma. Cikin waɗannan sa'o'i biyar zuwa shida ne masu aikin tsaftacewa za su sauya zannuwan gado da tawul, su wanke makewayi, su goge murhu da firiji, su share ɗakuna, su kuma duba ko wani abu ya fashe ko ya ɓata. Tun da yake gidajen yanki guda duk rana ɗaya suke sauyi, ma'aikaci guda kan sami kansa da gidaje biyu ko uku a wannan ɗan tsakani.

An tsara wannan lokaci ne bisa zaton cewa za a tarar da gida cikin halin da mutum mai hankali kan bar shi. Tukunyar da ta ƙone aka bar ta, ragowar abinci a firiji, kujerun da aka kwashe daga falo zuwa tsakar gida, ko baƙon da ya ƙara sa'a guda yana haɗa kaya, kowane ɗaya daga cikinsu na iya rusa tsarin yinin baki ɗaya. Wanda ke shan wahalar kuwa ba mai gida ba ne, ma'aikacin tsaftacewa ne, wanda sau da yawa kuɗin gida guda ake biyansa ba na yawan sa'o'in da ya yi ba, sai kuma iyalin da za su iso da yamma da gajiyar hanya su tarar ba a gama ba.

Hatta zubar da shara na da nasa dalili. Ƙananan hukumomi a Birtaniya na kwashe shara ne a ranaku ƙayyadaddu, wasu ma sai bayan mako biyu, kuma kowane irin tarkace da mazubinsa. Idan baƙo ya cakuɗa kwalabe da takardu da ragowar abinci wuri guda, motar shara na iya wucewa ta bar mazubin cike, sabon baƙo ya gaji warin wanda ya riga shi.

Kowace ƙasa da al'adarta

A Faransa, inda aka buɗe gidan hutu na karkara na farko a shekarar 1951 bisa shawarar Sanata Emile Aubert, aka kuma kafa ƙungiyar Gîtes de France a 1955, al'adar ita ce mai gida da baƙo su zagaya gidan tare ranar shiga su rubuta halin da yake ciki, su sake yin haka ranar fita. Baƙo na da zaɓi biyu: ko ya tsaftace gidan da kansa, ko ya biya wani ƙayyadadden kuɗi a yi masa. Wannan zagaye na farko yana da muhimmanci ga baƙo, saboda dokar haya ta ƙasar ta ɗauka cewa idan ba a rubuta komai ba, to ɗan haya ya karɓi gida lafiya lau, sai dai in ya kawo hujjar akasin haka.

Jamusawa kuwa suna da kalma guda da ke nufin tsaftar tsintsiya, wato a bar gida a share, ba sai an goge shi ƙal ba. A wata shari'ar haya ta shekarar 2006, babbar kotun tarayyar ƙasar ta fassara kalmar da cewa kawar da datti mai kauri kaɗai take nufi. Haka kuma dokar bayyana farashi ta Jamus ta wajabta cewa idan kuɗin tsaftacewa tilas ne, to a haɗa shi cikin jimillar farashin da ake tallatawa.

A Danmak, masu hayar gidajen bazara na bakin teku kan karanta mitar wuta ranar shiga da ranar fita su rubuta a takarda, a cire kuɗin abin da suka sha daga ajiyarsu. Ko da baƙo ya biya kuɗin tsaftacewa, ana sa ran ya wanke kwanuka, ya kwashe abin da ke cikin firiji, ya fitar da shara.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan ƙasashe baƙo ya san abin da ke kansa tun kafin ya sauke kaya.

Rikicin kuɗin tsaftacewa

Al'amarin ya ɗauki sabon salo ne bayan da kasuwar ta koma kan intanet. Kamfanin Airbnb, wanda Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk suka kafa a birnin San Faransisko a 2008, ya bai wa masu gidaje damar sanya kuɗin tsaftacewa daban da kuɗin kwana. Ta fuskar lissafi akwai hujja a kan haka, domin aikin gyara gida kusan ɗaya ne ko baƙo ya kwana biyu ko ya kwana goma. Sai dai wasu masu gidaje sun gano cewa rage kuɗin kwana da ƙara na tsaftacewa kan sa gidansu ya yi kama da mai araha a jerin tallace-tallace, baƙo ba zai ga ainihin jimilla ba sai ya zo biya.

Abin da ya ƙara harzuƙa jama'a shi ne, bayan sun biya wannan kuɗi sai su tarar da doguwar takarda manne a jikin firiji, ana umurtarsu da su yaye zannuwan gado, su saka wanki a inji, su share ɗakuna. Koke-koke suka yi yawa, har wasu suka ce gara su koma otal.

A watan Nuwamba na 2022, Mista Chesky ya fito fili ya amsa cewa bai kamata a ɗora wa baƙo yaye zanen gado ko wanki ko zuƙe ƙura da inji ba, amma kashe fitilu, zubar da ragowar abinci da kulle ƙofa abubuwa ne da suka dace, kamar yadda mutum kan yi idan zai bar gidansa. A watan Mayu na 2023 kamfanin ya fara nuna wa baƙo sharuɗɗan ranar tashi tun kafin ya biya, tare da gargaɗin cewa zai cire gidajen da aka yi ta kuka da su kan ayyukan da suka wuce kima. Daga Afrilu na 2025 kuma ya mayar da nuna jimillar farashi, ban da haraji, abin da kowa zai fara gani a duk faɗin duniya.

Hukumomi ma ba a bar su a baya ba. Wata ƙa'ida ta Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka da ta fara aiki ranar 12 ga Mayu, 2025, ta tilasta wa otal-otal da gidajen hayar 'yan kwanaki su bayyana jimillar farashi da duk wani kuɗi na dole tun daga farko. Ƙa'idar ba ta hana karɓar kuɗin tsaftacewa ba, ɓoye shi ta hana. Jihar Kalifoniya kuwa ta ƙara gaba, inda daga 1 ga Yuli, 2025, dole mai gida ya sanar da baƙo, kafin ya kama gidan, ayyukan tsaftar da ake nema daga gare shi da kuma tarar da za ta biyo baya idan bai yi ba.

Halin da ake ciki a Nijeriya

A nan gida Nijeriya, wannan kasuwa ta fi ƙarfi a unguwannin Lekki da Ikoyi da Biktoriya Ailan a Legas, da Maitama da Wuse da Jabi a Abuja, inda ake kiran irin waɗannan gidaje da suna shotlet. Ciniki kan yi zafi a watan Disamba lokacin da 'yan ƙasa mazauna waje ke dawowa hutu, kazalika iyalai kan kama su domin sauke dangi lokacin bukukuwan aure.

Bambancin shi ne, a nan ba a cika neman baƙo ya yi shara ba, tun da yawancin gidajen na da masu aiki. Rigimar ta fi karkata ne ga kuɗin ajiya da ake karɓa kafin shiga, wanda ya kamata a mayar idan an tarar da gida lafiya. Baƙi na kukan cewa ana jan ƙafa wajen mayarwa ko a zaftare kuɗin ba tare da bayani ba, masu gidaje kuma na kukan tabon manja a kujera, lalle a farin zanen gado, ƙunar garwashin turaren wuta a kan darduma, da gidan da aka kama don mutum huɗu aka tara mutum ashirin a ciki.

Sai kuma batun wuta, wanda a Nijeriya ya fi na shara tsada. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga farashi ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla sa'o'i 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na sa'a guda. A bisa wancan farashi, na'urar sanyaya ɗaki da ke jan kilowat ɗaya ba tsayawa, idan aka tafi aka bar ta kunne kwana da yini, za ta lashe Naira 5,400. Idan ɗakuna huɗu ne, kuɗin ya kai Naira 21,600, ba a ma zo ga man janareta ba. Saboda haka kashe na'urori kafin fita ya wuce batun ladabi kawai.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi ga mai saye, kuma baƙon da ya ga an zalunce shi na iya kai kukansa gare ta. To amma kuka ba ya tasiri sai da shaida, ga shi kuwa da yawa daga cikin wannan ciniki a wayar tarho ake ƙulla shi, ba rasit ba yarjejeniya.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Idan aka tattara al'adun ƙasashen nan, za a ga akwai iyakar da kusan kowa ya yarda da ita. Baƙo ya fita a kan lokaci. Ya wanke kwanukan da ya ɓata, ya kwashe abinci mai lalacewa, ya ɗaure shara ya kai inda aka nuna masa. Ya mayar da kujeru da tebura mazauninsu, ya tara jiƙaƙƙun tawul wuri guda a makewayi maimakon barinsu kan katifa, ya rufe famfo da tukunyar gas da tagogi, ya kashe fitilu, ya ajiye makulli inda aka ce. Yaye zanen gado kuwa sai in an nema, domin wasu ma'aikatan sun fi son ganin tabo a inda yake kafin wanki. Goge makewayi da wankin zannuwa da sharar ɗakuna aikin da kuɗin haya ya biya ne, muddin ba a yi wata yarjejeniya daban ba.

Idan wani abu ya fashe, faɗa tun da wuri ya fi ɓoyewa araha. Mai gidan da aka sanar da shi da safe na iya sayo madadin kofi ko ya kira mai gyara kafin yamma, wanda kuwa ya gano da kansa ya fi saurin taɓa kuɗin ajiya. Ɗaukar hoton ɗakuna da na mita ranar shiga da ranar fita kan kashe gardama tun kafin ta tashi. A dandalin Airbnb, alal misali, kwanaki 14 ne mai gida ke da su na neman diyyar ɓarna, haka nan kwanaki 14 ne kowane ɓangare ke da su na rubuta ra'ayinsa game da ɗayan, ra'ayin da zai bi baƙo duk inda ya je neman gida nan gaba.

Shi kuma mai gida, nauyinsa shi ne ya rubuta sharuɗɗansa a taƙaice ya nuna su kafin a biya, ya ajiye tsintsiya da sabulu da ledar shara idan yana son a yi amfani da su, ya bambance tsufan kaya da ɓarna, ya kuma faɗi ranar da zai mayar da ajiya, ya cika. Duk abin da ya cire ya kawo hoto da rasit.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A wannan sana'a, baƙon da ya tashi da safe wani ne zai maye gurbinsa da yamma, kuma ribar mai gida ta dogara ne ga dawowar na farko da gamsuwar na biyu. Ganin yadda kasuwar ke ƙara faɗaɗa a biranen ƙasar nan, masu gidajen da suka rungumi rubutacciyar yarjejeniya da farashi bayyananne su ne za su fi riƙe abokan cinikinsu.