Tsare Wanda Ake Tuhuma: Tsakanin Fiƙihu da Dokar Ƙasa a Jihar Jigawa

Tun daga shekarar 2000, lokacin da Jihar Jigawa ta faɗaɗa hurumin Shari'a zuwa manyan laifuka, muhawarar malamai ta fi karkata ga haddodi. Amma akwai mas'alar da ta fi su yawan aukuwa a Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, wato tsare mutum bisa zargi kafin a tabbatar masa da laifi. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu bisa uku na fursunonin Najeriya jiran shari'a suke yi.

Asali a Shari'a shi ne kuɓutar mutum daga laifi, kuma hujja tana wuyan mai da'awa. Duk da haka, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum bisa tuhuma. Malamai sun karɓi wannan, amma sun ƙayyade shi. Ibn Farhun, a cikin Tabsiratul Hukkam, ya kawo kashe-kashen waɗanda ake tuhuma guda uku. Na farko, wanda aka sani da kirki, ba a yi masa uƙuba bisa zargi. Na biyu, wanda ya shahara da ɓarna, ana tsananta masa bincike. Na uku, wanda ba a san halinsa ba, ana tsare shi gwargwadon abin da zai bayyana lamarinsa kawai. Mukhtasarul Khalil kuwa ya sanya duba lamarin fursunoni a matsayin aikin da sabon alƙali zai fara da shi. Kafin su, Abu Yusuf ya shawarci Haruna Rashid a Kitabul Kharaj da a riƙa bibiyar ƙararrakinsu, a kuma ciyar da mabuƙatansu daga baitulmali.

Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa, in ban da manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jigawa ta kafa irinta a 2019, ta haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma umarci majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda duk wata.

To, ina gizo ke saƙar? Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, alhali ma'aikatar shari'a da kotuna na jiha ne. A manyan laifuka, akan kai mutum kotun da ba ta da hurumin yanke hukunci, ta aika da shi gidan yari, takardun ƙarar kuma su tsaya jiran shawarar ma'aikatar shari'a. A tsakanin waɗannan hannaye ne watanni kan zama shekaru, gona ta zama saura, iyali su tagayyara.

Don haka ya kamata ɗaliban ilimi su fahimci cewa tsarewar da ta wuce buƙatar bincike uƙuba ce ba tare da hukunci ba, wato zalunci. Kira ga alƙalai su tsayar da ziyarar wata-wata, da wayar da kan jama'a cewa belin 'yan sanda kyauta ne, suna cikin umarni da kyakkyawa. Allah ne mafi sani.