Kafin a Kai ga Fenti: Tayar da Tsohuwar A-kori-kura a Gida

Da wuya ka ratsa tsofaffin unguwanninmu, daga Zariya har Maraɗi, ba ka ga wata a-kori-kura durƙushe a ƙofar wani gida ba. Tayoyi sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaji na saka a ƙarƙashinta, yara sun mayar da bayanta dandali. Ka tambayi maigidan, amsar ɗaya ce ko'ina: "Ai lafiyarta ƙalau, ɗan abu kaɗan ne ya tsayar da ita." Wannan ɗan abu kaɗan kuwa ya shekara goma yana jiran gobe. Ƙarshenta 'yan gwangwan su zo da guduma da sikeli, su saye ta a kilo.

Yanzu da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, masu irin waɗannan motoci sun fara waiwayarsu, kuma suna da gaskiya. Mutum mai haƙuri, mai ɗan sha'awar aikin hannu, yana iya tayar da ita a tsakar gidansa. Sai dai yawancin waɗanda na ga sun gwada, ba rashin kuɗi ne ya kayar da su ba. Jerin aikin suka birkita, suka fara da abin da ido ke gani, suka bar abin da rai ya rataya a kansa.

Motar da muka fi sani da wannan suna ita ce Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, kuma ya yi suna a nahiyarmu saboda juriya: sau huɗu ya ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Bayan an daina ƙera shi a Turai, Kenya ta ci gaba da haɗa shi har 1991. Ƙanensa 504 ya fito a 1968, aka yi masa na ɗaukar kaya a 1979. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bai bar 504 ba sai wajen 2006. Shi ya sa har gobe babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san Fijo kamar yunwar cikinsa. Ga kuma Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, da tsofaffin Datsun. Abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Abin da ya sa waɗannan motoci ke gyaruwa a gida shi ne babu abin da suka ɓoye. Babu kwamfuta a cikinsu, ba a buƙatar na'urar da za a jona ta faɗi ciwo. Injin mai fistin huɗu ne, ga kafireto, ga fulogi, ga kwayil. In ka ɗaga bonet kana ganin ƙasa ta gefen injin. Mai, wuta, iska: in ukun nan sun haɗu a kan lokaci, dole ta tashi.

Amma kafin a ɗauki sifana, a ɗauko takardu. A duba lambar shasi da ta inji, a gani ko sun yi daidai da abin da ke rubuce. In motar gado ce, a zauna da 'yan'uwa a yanke magana tun tana gawa, domin mota matacciya ba ta da magada, sai ranar da ta tashi. In kuma saya za a yi, kada araha ta ruɗi mutum ya karɓi mota babu takarda. Ka kashe wata shida da gumi a kanta, ranar fitarka ta farko a tare ka a hanya a ce ta sata ce, wa gari ya waya?

Daga nan sai tsatsa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Inji ana canza shi, giyabos ana samun na hannu, amma ƙarafunan da ke ɗauke da motar in sun ruɓe, magana ta ƙare. Mu a Arewa Allah Ya taimake mu da busasshiyar iska, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na Legas da ke shan iskar teku mai gishiri. To amma a-kori-kura tana da nata ciwon, wanda sana'arta ta jawo mata. Shekara da shekaru tana ɗaukar takin zamani, da jiƙaƙƙen yashi, da awaki masu fitsari a bayanta, duk kuwa waɗannan cin ƙarfe suke yi. A wanke ƙarƙashinta tas, a shiga da tocila da ƙaramar guduma. A bi dogayen ƙarafunan shasi ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ma sukudireba ta huda shi. A fi mai da hankali inda sifirin na baya ya kama shasi, da ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, da daɓen da ke ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar direba, da gindin ƙofofi. Ramin da ke a bodi mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in shasin ne ya ruɓe a wurare da yawa, ko ya karkace saboda tsohon haɗari, shawarata a haƙura. A cire abin da ke da amfani a sayar, a nemi wata.

In ta tsallake wannan jarrabawa, sai a juya ga inji. Kuskuren da kowa ke yi shi ne aro batir a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara biyar a kwance, duk man da ke jikinsa ya tsiyaye ƙasa; murɗa shi a haka daidai yake da goga ƙarfe da ƙarfe a bushe. A cire fulogi huɗun, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu. Sannan a sa sifana a kan babban notin da ke gaban inji a juya da hannu. In ya juya sumul, an yi sa'a. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, kada a sa ƙarfi. A zubar da tsohon baƙin mai a duba shi: in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, ke nan gaskit ya ƙone ko wani wuri ya tsage. A sauke tanki a wanke, domin fetur in ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireto. A leƙa salansa da bututun iska, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, ɓeraye kuma su tara tsumma.

Injin Fijo na da wani alheri da ba kowa ya sani ba. Bututun da fistin ke kai da komo a ciki, wanda kanikawa ke kira silib, ba a haɗe yake da gangar injin ba, zare shi ake yi a sa sabo. Saboda haka injin da ya gaji yana hayaƙi ana iya sabunta shi da sabon silib da fistin da ringi, ba sai an kai gangar an rarake ta ba. Amma alherin na da sharaɗi: in an cire kan injin, kada a juya shi sai an danne silib ɗin da wani abu, in ba haka ba za su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Wani kawuna ya koyi wannan darasi da kuɗin buhun masara da yawa.

Ranar da injin ya tashi, ranar ce mafi haɗari a duk aikin. Murna za ta ɗebi mutum ya ce bari ya ɗan zagaya unguwa. Kada a kuskura. Motar da ba ta tashi ba ba ta taɓa kashe kowa a kan hanya ba. Wadda ta tashi ba ta tsayawa ita ce abin tsoro. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ko a motar da ke aiki ake so a canza shi duk shekara biyu. A wadda ta daɗe a ajiye, danshin ya riga ya ci cikin famfunan birki, robobi sun bushe, tiyo ya tsattsage. A canza robobi da tiyo gaba ɗaya, a bi bututan ƙarfe a ga ko tsatsa ta ci su, a gyara birkin hannu. Haka sitiyari: a ɗaga gaba a girgiza kowace taya, in tana wasa a nemo dalili. Taya kuma ba a duba zanenta kaɗai. A gefenta akwai lamba huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2318, alal misali, na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Tayar da ta tsufa a rana, ko da zanenta bai ci ba, tana iya fashewa ranar da aka ɗora mata buhu goma.

Wayarin ba shi da wuyar fahimta a tsohuwar mota, sai dai kusan kullum za ka tarar hannu goma sun riga ka shiga, kowa ya yanka ya ɗaura da leda. Inda aka cire fis aka sa waya ko takardar sigari mai ƙyalli, a mayar da fis. Daga nan gobarar mota ke tashi. Ƙaramar mitar awon wuta ta isa: cikakken batir yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma ya kamata ya hau zuwa wajen 14.

Kayan gyara akwai su. Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, da Nnewi, duk ana samu, sabo ko na hannu da ake kira Beljiyam. A tafi da tsohon a hannu a gwada da sabon, kada a dogara da kwatance. A kayan birki da sitiyari kuwa, araha ba ta ado.

Cewa a yi aiki a gida ba ya nufin a raina masu sana'a. Wanke-wanke, kwance-kwance, kankare tsatsa, canza mai da tiyo da fulogi, duk maigida zai iya. Waldar shasi, wanke karanshaf, buɗe giyabos, waɗannan a kai wa masu su. Har ma ya fi kyau a samu dattijon bakanike ɗaya da ya yi zamani da Fijo, a riƙa gayyato shi ranar hutunsa, a biya shi haƙƙinsa, a tsaya kusa da shi ana kallo. Abin da zai nuna maka da yatsa cikin minti biyar, kai kaɗai sai ka yi sati kana lalube.

A kula da rai. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ba a kuma tokare ta da bulon siminti, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe. A sa katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe, a tare tayoyi. Ba a walda kusa da tanki, ko da babu mai a ciki, don tururin ya fi man saurin kamawa. Ba a tayar da inji a rufaffen ɗaki. Hayaƙin nan ne dai da ke kashe iyalai masu kwana da janareta. Ƙurar tsohon birki kada a hure ta da baki, a jiƙa ta a goge, saboda na da ana yin su da wani sinadari mai lalata huhu. Fetur da ruwan batir kuma a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a zuba su a robar lemo.

Akwai wani ciwo da ke kama masu aikin hannu, ni ma ban tsira ba. Wanda ya iya riƙe sifana, gani yake komai na gida nasa ne: ga ƙofar zaure da ya cire zai gyara, ga akurkin kaji rabi da rabi, ga injin ban-ruwa a kwance, ga keken ɗinkin uwargida da ya yi alkawari tun kafin azumi. Sai mota ta zo ta zama ta biyar. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ware wa motar rana guda a mako, sauran ƙananan ayyuka su cike jiran da ake yi wa kayan gyara. Kuma kada a warwatsa motar gaba ɗaya. A kwance sashe ɗaya, a ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa, a zuba notinansa a gwangwani a rubuta suna, a gama shi a mayar, sannan a taɓa na gaba. Motar da aka mayar tarin ƙarafuna a buhuna, damina ɗaya ta isa ta sa maigida ya manta wane ne na ina, uwargida kuma ta fara tambayar yaushe za a ba ta tsakar gidanta.

Batun mai ma a yi lissafinsa da idon basira. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, tsohon inji mai kafireto ba abin yawon shan iska ba ne. Amfaninta a gona ne da kasuwa, inda za ta ɗauki wajen tan guda ta biya kuɗin manta.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ta yi 'yan makonni tana zirga-zirga an ga ba ta zafi, ba ta yoyo, tana tsayawa inda aka ce ta tsaya. A lokacin ne za a kankare, a shafa na kariya daga tsatsa, a fesa launi, in ana so a kai wa mai zane ya rubuta abin da ya sawwaƙa a bayanta.

Mai karatu, in akwai irinta a ƙofar gidanku, ranar Asabar mai zuwa ka nemo takardunta, ka kori kajin, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Abin da ƙarfen ya faɗa maka shi zai nuna ko bakanike za ka kira ko 'yan gwangwan.