Ƴan zanzaron da ke cin farin ƙuda: yadda ake gane su

Masu garka a Jiratawa da Tibiri da bakin Gulbin Maradi sun san farin ƙuda. In ka girgiza tumatir ko kuɓewa ko rogo, sai ka ga ya tashi kamar an watsa toka. Yana zama ƙarƙashin ganye, yana tsotse ruwansa. Kashinsa mai danƙo ne, shi ke sa ganye ya yi baƙi. Shi ne kuma ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, ya yi rawaya, ya ƙi yin ƴaƴa.

Da manomi ya gan shi, sai ya ruga kasuwa sayen maganin feshi. Ƴan'uwa, ku dakata tukuna. A ƙarƙashin ganyen nan akwai masu yi muku aiki ba lada.

Su wane ne?

Kowa ya san zanzaro. Yana gina ɗakin laka, ya harbi tsutsa, ya kai ta ciki, ya yi ƙwai, ya toshe ƙofa. Ɗansa ya ƙyanƙyashe ya cinye tsutsar. To, zanzaro yana da dangi ƙanana ƙwarai. Tsawonsu bai kai milimeta 1 ba, ƙwayar hatsi ta fi su girma nesa. Ba sa harbin mutum, ba sa cin shuka. Su ba sa gina ɗaki. Jikin ɗan farin ƙuda shi ne ɗakinsu, shi ne abincinsu.

Ɗan farin ƙuda ba ya tashi. Yana manne da ganye, faifai, kamar ƙwarƙwata. Daga ƙwai zuwa mai fiffike, wajen mako 3 ne. Cikin wannan lokaci ne ƴan zanzaron ke samunsa.

Masana sun kasa su gida gida. Gida biyu ne suka fi cin farin ƙuda. Sunayensu na boko ne, amma ku koye su, don malamin gona da su zai yi muku magana. Na fari Encarsia, a faɗa "Enkarsiya". Na biyu Eretmocerus, a faɗa "Eretmoserus". Macen Enkarsiya tana huda ɗan ƙudan, ta zuba ƙwai cikinsa. Macen Eretmoserus kuwa ƙarƙashinsa take sa ƙwai, tsakaninsa da ganye. In tsutsarta ta fito, sai ta huda shi ta shige.

Abin da ido zai iya gani

Ka tsinko ganyen ƙasa, tsoho, ka juya shi a cikin haske. In akwai madubi mai ƙara girman abu wurin malamin gona, a ara.

Ɗan ƙuda mai lafiya fari ne, ko rawaya rawaya, da ɗigo biyu ja, idanunsa ke nan. Wanda zanzaro ya shiga yakan sake launi: ya yi ruwan ƙasa, ko ya yi duhu, wani har baƙi.

Sai ka duba ɓawon da aka bari. Nan ne babbar shaida. In farin ƙuda ne ya fito, ɓawon a tsage yake, tsagar kamar harafin T da kuka koya a allo. In zanzaro ne ya fito, rami ne kewayayye kamar harafin O, sai ka ce da allura aka huda. Ka ƙirga. In O ya yi yawa, abokanka na aiki. Feshi mai ƙarfi zai kashe su kafin ya kashe ƙudan, domin sun fi shi rauni.

Haka ake duba ƙwarin nan masu ɓawo da ke manne a reshen lemo da mangwaro da bedi. In ka ga rami a bayan ɓawon, zanzaro ya riga ka.

Abin da sai da madubin masana

Ido ba ya bambanta iri da iri. Gidan Enkarsiya kaɗai yana da iri fiye da 400. Masani yakan shimfiɗa ƙwaron bisa gilashi, ya sa a madubi mai ƙarfi, ya ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa na sansana. Macen Enkarsiya tana da gaɓa 8. Macen Eretmoserus tana da 5, ta ƙarshe doguwa kamar taɓarya. Yana duba gashin fiffike da gaɓoɓin ƙafa. Aiki ne na haƙuri.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala? Ku ji labarin rogo.

A 1973 aka ga wani baƙon ƙwaro mai farin gari a rogon ƙasar Kongo. Ya bazu a Afirka. Wasu gonaki sun yi hasarar kashi 80 cikin 100. Masana suka ce, tun da rogo daga Amurka ta Kudu ya fito, maƙiyin ƙwaron ma yana can. Suka je arewacin yankin, suka sami wani ƙwaro mai kama da shi, suka kwaso zanzaron da ke cinsa. Zanzaron ya ƙi aiki. Ashe ƙwaron ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne. Kama da wane ba ta wane. Sai can kudu, a ƙasar Faraguwai, aka sami ƙwaron na gaskiya tare da zanzaronsa. A 1981 cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakinsa a Najeriya, a ƙarƙashin wani masani, Hans Herren. Daga baya aka kai shi ƙasashe fiye da 20, rogo ya farfaɗo.

Mu ma a nan mun ga irin haka. Tun 2006 masanan INRAN na Maradi suka shiga aikin sakin wani ɗan zanzaro, Habrobracon, don yaƙar murzuna mai cin zangarniyar hatsi. A ƴan buhunan algarara ake kai shi ƙauyuka. Yana kashe murzuna, amma ba ruwansa da farin ƙuda. Kowane da abincinsa. Kada wani ya rataya buhun murzuna a garkar tumatir ya ce ya yi magani.

A faɗi gaskiya: zanzaro yana rage ƙuda, amma ba ya warkar da tumatir da ya kamu. Ƙuda kaɗan ma sun isa su yaɗa cutar. Saboda haka a rufe wurin renon iri da gidan sauro, a tuge wanda ya nannaɗe a binne shi nesa da garka.

Yadda za ku aika da samfur

Ku ɗebi ganye 5 ko 6 masu ƴaƴan ƙuda. Ku sa a kwalba busasshiya, ku ɗaure bakin da ƙyalle mai ƙaramin ido. Ku ajiye a inuwa, nesa da tururuwa. Bayan mako ɗaya ko biyu za ku ga ƙananan abubuwa suna yawo a jikin kwalbar. Farare, ƙuda ne. Rawaya ko masu duhu, zanzaro ne.

Sannan wanda ya iya rubutu a cikinku ya ɗauki takarda. Ya rubuta sunan gari, da sunan shuka, da ranar da aka tsinko, da ko an yi feshi. Ya liƙa a kwalbar. Kwalba marar takarda ba ta da amfani ga masani, don bai san inda ta fito ba. A ba malamin gona ya kai INRAN a Tarna.