Amsa Ga Manomin Bunkure: Ƙananan Kaya Masu Tare Babbar Asara

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a ƙasar Bunkure. Ya ce ya kai tumatirinsa Kwanar Gafan ya sayar, ya biya 'yan ɗiba da mai mota da bashin taki, kuma ɗan abin da ya rage a hannunsa ko kusa bai isa sayen injin ban-ruwa ba. Yana tambaya, me zai saya da shi wanda ba zai yi da-na-sani ba?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya ƙara albarka. Shawararmu ita ce ka duba ƙofar da asara take shigo maka, ka sayi abin toshe ta. Ga wanda gonarsa ke kan kanal a Kura ko Bunkure ko Garun Malam, ruwa yana zuwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Yawancin asarar da ba a lissafawa tana shigowa ne ta wuri biyu, wato ta jikin manomi shi kansa, da kuma amfanin gona bayan an girbe shi. Kuma duka biyun kayan da ke tare su ba masu tsada ba ne.

Bari mu fara da ƙafarka. Ka sayi dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa, irin na masu kwaɓa siminti. Dalili kuwa shi ne tsargiya. Ruwan kanal da na fadamar shinkafa, musamman inda yake tafiya a hankali kuma ciyawa ta yi yawa, gida ne na wasu 'yan ƙananan katantanwa. Idan mai tsargiya ya yi fitsari a ruwan, ƙwayayen cutar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwar, su hayayyafa a can, sa'an nan su fito ruwa da yawan gaske, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba. Fatar ƙafarka suke hudawa su shige, kuma sun fi fitowa da tsakar rana, lokacin da kai ma kake tsaye cikin ruwa kana ban-ruwa. A cikin jiki sukan girma su zama tsutsa a jijiyoyin mafitsara, shi ne za ka ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa wai wannan alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne ko kaɗan, cuta ce, tana shan jini, tana sa kasala, in ta daɗe kuma tana lalata mafitsara da ƙoda.

Mun san abin da za ka ce: takalmin yana da zafi, ƙafa tana gumi, kuma wajen dashen shinkafa taɓo yana riƙe shi. Gaskiya ne. Amma ko ranakun ban-ruwa da gyaran kanal kawai ka riƙa sa shi, ka rage haɗari sosai. Ga shi kuma yawancin saran maciji a gona a ƙafa ne, don haka mai fita ban-ruwan dare ya fi kowa bukatarsa. Ka dai riƙa zazzage shi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama. Wanda kuwa ya riga ya ga jini a fitsari, takalmi ba zai warkar da shi ba, sai ya je asibiti a ba shi maganin da ake kira praziquantel, wanda ake aunawa bisa nauyin mutum ko tsawonsa. Ruwan wankan yara kuma, in na kanal ne, a ɗebo a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi, ƙwayoyin sukan mutu da kansu.

Tunda muna bakin kanal, kada ka raina ɗan bututun robar nan da ake lanƙwasawa a kan gaɓa don janyo ruwa zuwa kunya. Ba ya shan fetur. Ka cika shi da ruwa, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka sauke shi ƙasa da fuskar ruwan kanal, shi ke nan sai ya yi ta zuba. Mai fasa gaɓa da fartanya yana samun ruwa yau, gobe kuma gaɓar ta zube, na ƙasa da shi ya rasa ruwa, rigima ta tashi.

Sai mu zo wajen ajiya, inda ni a ganina aka fi tafka asara. Akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da masu bincike a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, kuma a nan Kano ma ana yin sa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Babu magani ko ɗigo a jikinsa. Ƙwaron wake numfashi yake yi kamar ni da kai. In ka zuba wake ka matse iska, ka ɗaure leda ta farko ita kaɗai, ka ɗaure ta biyu ita kaɗai, sa'an nan ka ɗaure na waje, ƙwarin da ke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Haka yake yi wa masara da dawa da alkama.

Amfanin wannan ga manomi da ɗan kasuwa a fili yake. Da kaka kowa na sayarwa, farashi ya faɗi. Mai iya riƙe hatsinsa lafiya zuwa bazara shi ke cin riba. Ga kuma batun guba. Masu zuba fiya-fiya cikin wake, da masu jefa ƙwayar nan mai hayaƙi a buhu su ajiye a ɗakin da yara ke kwana, wasa suke yi da rai. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi karɓa, shi muke dafa wa iyali.

Amma buhun yana da sharuɗɗa. Kafin ka zuba komai, ka cika ledar da iska ka riƙe bakin ka danna, in tana huci to ta huje, kada ka dogara da ita. Ka ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗibar na tuwo, na ci a ware shi daban. In ka kula da shi yakan yi maka kaka uku. Babban sharaɗi kuma, hatsin ya bushe ƙayau, don in ka rufe ɗanye a leda ruɓewa zai yi.

To yaya za ka san ya bushe? Da kwalba da gishiri. Ka sami busasshiyar kwalba mai murfi, ka shanya gishiri a rana ya bushe sarai. Ka zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara gishiri cokali 2 ko 3, ka rufe ka girgiza, ka ajiye minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar rana. In ya zube ƙasa wasai, ka ɗaure buhunka. Shanyar kuma a kan tamfol, ba a gefen kwalta ba. Masu turara shinkafa a Kura sun san yadda tsakuwa ke karya wa shinkafar gida daraja a kasuwa, alhali tamfol ɗaya yana tare ta tun daga wajen casa.

Ga uwargida da mai ƙaramar kasa ta kayan miya kuwa, akwai tukunya cikin tukunya. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsanewa ta jikin babbar tukunya, yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajin da ya yi, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka yi mako uku. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a jiƙa yashi safe da yamma. Ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe, wato daidai lokacin tumatirin rani. Da damina ƙarfinta yana raguwa. Ba za ta ɗauki kwando hamsin ba, kada wani ya ce mun ce. Amma mai sayar da kashi-kashi ba za ta zubar da ragowar yamma ba.

In da sauran canji, Malam, ka tsaya kantin magani ka sayi 'yan ƙullin gishiri da sukarin nan na ORS tare da ƙwayar zinc, ka ajiye a gida. Ana narka ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba yaro mai gudawa kaɗan-kaɗan, ƙwayar zinc kuma a ci gaba da ba shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Abin da aka haɗa in ya yi kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo. In yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gida, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.