Rabin Ritaya a Najeriya: Dalilan Barin Aiki da Wuri da Abin da Ke Biyo Baya

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana yin ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, amma ana samun ma'aikata na gwamnati da na kamfanoni da ke ajiye aikin albashi tun kafin wannan wa'adi, su koma ga wata sana'a mai sauƙi da ke kawo kuɗin cefane. Wannan shi ake nufi da rabin ritaya, wato mutum ya rage aiki ba tare da ya naɗe hannu ba, yana haɗa abin da sana'ar ke kawowa da abin da ya tara.

Babban abin da ke tura mutane ga wannan shawara shi ne zaizayewar darajar albashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a hannun kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 bai cike giɓin ba. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Suleja, yana sammakon neman mota zuwa ofis a Abuja, yakan tarar kuɗin mota da na haya sun cinye albashin tun wata bai raba ba, don haka lissafinsa na komawa gida ya kama noma ko kiwo ba wauta ba ne. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ita ma ta taimaka, domin ta buɗe wa kowane ma'aikaci asusun ajiyar ritaya da sunansa, inda mai ɗaukar aiki ke zuba aƙalla kashi 10 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8, kuma kuɗin nasa ne ko da ya bar wurin aikin. (Wasu jihohi suna bin nasu tsarin daban.)

Sai dai dokar da ta sauƙaƙa tafiya ita ce kuma ta gindaya sharaɗi, domin ba a fara cin kuɗin asusun sai mutum ya kai shekara 50, kuma wanda ya bar aiki kafin nan, idan ya yi wata huɗu bai sami wani ba, kashi 25 kawai zai iya cira. Ragowar, idan lokaci ya yi, ana biyan mafi yawansa ne wata-wata, ko dai daga kamfanin da ke kula da asusun, ko daga kamfanin inshora da ya ɗauki alkawarin biya har ƙarshen rayuwa, kuma wannan biyan ba ya bin sawun farashin kasuwa. Bugu da ƙari, shekarun da ake sadaukarwa su ne na mafi tsokar albashi, waɗanda da su asusun ke yin kauri.

A Amurka, masu ra'ayin barin aiki da wuri suna dogara da lissafin da William Bengen ya fitar a 1994, cewa wanda ke cire kashi 4 na ajiyarsa a shekara zai iya cin shekara 30 bai ga ƙarshenta ba, ma'ana ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara. An gina lissafin kan tarihin kasuwar hannun jari da farashin Amurka, saboda haka ɗora shi kan ajiyar naira kuskure ne mai tsada. Haka kuma bai san da magidancin da, a daidai waɗannan shekaru, yake biyan kuɗin jami'a, yake haɗa kayan ɗakin aurar da 'ya'ya mata, yake sayen maganin hawan jini na iyayensa, alhali inshorar lafiyar da yake samu ta wurin aiki takan tsaya da tsayawar aikin ba.

Abin da ke raba wanda ya dace da wanda ya shiga uku, mafi yawan lokaci, shi ne ko sana'ar da zai koma wa ta riga ta kafu. Wanda ya yi shekaru yana turke raguna don kasuwar layya ya san kuɗin dusa da harawa, ya san asarar da cuta ke jawowa, yayin da wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a gidan kaji rana ɗaya yake koyon sana'a da jarin da ba shi da madadi. A nan ma'aikacin gwamnati yana da takunkumi, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya hana jami'in da ke cikakken aiki gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma, wanda hakan ya sa gona ce kusan hanya ɗaya tilo da doka ta ba shi ya gwada kafin ya miƙa takardar ajiye aiki.